Ruwa na kwanciya a fili: me za a yi kafin a haƙa harsashi?

Malam, ka ce ka sayi fili a Kano, ruwa na kwanciya a cikinsa da damina. Kada ka yi gaggawar sayen bulo. Ka je filin ana tsaka da ruwan Agusta, ka ga ta ina yake shigowa, ta ina kuma yake neman fita.

Ka tabbatar daɓen ɗaki ya fi titi tsawo da aƙalla santimita 45, domin idan aka zo gyaran titi sau da yawa ɗaga shi ake yi, sai gida ya koma rami. Tsakar gida kuma ta gangara wajen kwata, santimita 2 a kowace mita.

Mutane na raina ruwan rufi. Kwano mai murabba'in mita 150, aka yi ruwa milimita 50, lita 7,500 ke nan ke zubowa ta indararo. Ka sa bututu ya kai shi lambatu, ba gindin katanga ba, kuma ba gidan maƙwabci ba.

In za ka haƙa ramin tsotse ruwa, wato ramin da ake tura wa ruwa don ƙasa ta shanye shi, to ya yi nisan mita 5 da harsashi. In ƙasar laka ce, ba zai sha ba, asarar kuɗi ce kawai.