Filin ƙwallon da aka kifa wa hula

Tambaya: Malam, tun Kofin Duniya na Katar muke gardama a majalisarmu. Akwai filin wasa mai kama da farar hular saƙa, irin wadda alhazai ke kawo mana tsaraba. Abokina ya ce ado ne kawai, ni kuma na ce da walakin. Wa ya fi gaskiya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ka ci gardamar. Filin nan sunansa Al Thumama, a Doha yake, kuma ɗan ƙasar ne, Ibrahim Jaidah, ya zana shi da siffar hular da suke kira gahfiya. Na Al Bayt kuwa tantin makiyayan hamada aka kwaikwaya. Akwai ma wanda aka harhaɗa da kwantena 974, lambar da ake latsawa in za a kira Katar a waya.

Ni a ganina, ba don mai tikiti ake irin wannan gini ba, don kyamara ake yi. Mutum dubu arba'in da 'yan kai ne za su zauna cikin hular nan, amma miliyoyi ne ke hango ta daga sama a talabijin. Katar 'yar mitsitsiya ce a gefen Saudiyya. A 2017 Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da ita, ba a sasanta ba sai farkon 2021. Ranar buɗe gasa, 20 ga Nuwamba 2022, sai ga Yarima Muhammad bin Salman na Saudiyya zaune cikin tantin nan na Al Bayt. Ekwado ta ɗura wa masu masauki biyu da nema, amma wa ya damu? Biyan bukata ya riga ya samu tun kafin a hura usur.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Hitila ya yi ta da wasannin Olamfik na Balin a 1936.

Ka tuna daren ƙarshe a Lusail? Kafin Messi ya ɗaga kofi, Sarki Tamim na Katar ya yafa masa baƙar alkyabba mai bakin zinariya, ta rufe rabin rigar Ajantina. Da na gani sai da na yi dariya ni kaɗai a falo.

Abin da kyamara ba ta hasko ba shi ne leburorin Nefal da Indiya da Bangaladash da suka yi aikin cikin tsananin zafi, wasunsu gawarsu ce ta koma gida. Wannan ma ka kai wa 'yan majalisa.