Tambayi likita: ajiye sigar a gida da zafin Damagaram

Tambaya: Salam likita, daga unguwar Birni nake. Abokin kasuwancina ya kawo min kwalin sigar ta Kuba daga Dubai, irin manyan nan da ake nadewa da ganyen taba, ya ce in na ajiye ta ta dade tana kara dadi kuma gubarta tana raguwa. Gaskiya ne? Kuma ya zan ajiye ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya dade. Rabin maganar abokinka gaskiya ce, rabin kuwa a'a. Masu harkar suna ajiye ta ne cikin akwatin katako mai rike danshi, danshin kamar kashi 65 zuwa 70 cikin dari, zafin kuma digiri 18 zuwa 21, to kai dai ka san a nan Zinder watan Afirilu da Mayu zafi har ya haura 40, hunturu kuma iska bushe take kayau, ganyen sai ya bushe ya tsattsage, in zafi ya hadu da danshi kuma akwai dan kwaron taba da ke kyankyashewa ya huhhuda ta, da damina ga fumfuna. Dandano kam yana canzawa in ta dade, warin amoniya, wato warin nan mai hawa kai, yana fita, kaushin makogwaron yana raguwa. Amma guba tana nan daram. Sinadaran da ke kawo sankara, wadanda muke kira nitrosamin, tun wajen shanya ganyen da tsima shi suke samuwa, ajiyar shekara biyar ba ta cire su, kuma babbar sigar guda daya tana iya daukar taba kusan ta kwalin sigari sukutum. Ni abin da ya fi damuna ma laushin nan ne, don shi ke sa mutum ya zauna awa guda yana busawa bai ji komai ba.

Tambaya: Likita ni fa bana hadiye hayakin, a baki nake rikewa in fesar, ai huhuna lafiya lau ko? Daga Zango.

Amsa: Kanena huhu kadai ka sani? Nikotin din sigar, wato sinadarin taba mai sa kwadayinta, ta fatar cikin baki yake shiga jini, ba sai ka zuka ba, shi ya sa ake kamuwa da ita, ga hawan tansiyon da bugun zuciya. Lebe, harshe, dasashi, makogwaro da hanyar abinci duk hayakin yana wanke su, kuma can sankarar masu sigar ta fi fitowa. Haka ma masu gumtsar taba gari da kanwa, kanwar nan kara wa nikotin saurin shiga take. In ka ga gyambo ko farin tabo a baki ya wuce sati biyu bai warke ba, ko murya ta dushe ta ki dawowa, je Babban Asibitin Zinder a duba, kar ka tsaya jike-jike.

Tambaya: Dan Allah likita maigidana a firigo yake ajiye tashi tare da abinci, yanzu na ga wani fari-fari ya fito mata, ga yara suna bude firigon kullum.

Amsa: Hajiya Allah ya kara hakuri. Firigo ba wurinta ba ne, busar da ita yake, sannan in kuran ya dauke ya dawo sai ta yi gumi, farin nan mai kama da auduga fumfuna ce, a zubar kawai. Maganar yara ta fi muhimmanci, karamin yaro in ya tauna guntun taba zai iya yin amai, dalalar yawu, zufa, har jijjiga, in haka ta faru kar a dura masa madara ko manja, kar a sa masa yatsa a makogwaro, a kai shi asibiti nan take tare da ragowar abin da ya ci. Ki lallaba maigidan ya kulle ta inda hannun yaro ba ya kai, kuma kar ya kunna a daki ko zaure, hayakin yana tayar da asma da tari ga yara, mai ciki ma bai bar ta ba. In ya yarda ku zo tare mu yi maganar yadda zai daina, akwai magungunan da ke rage kwadayin.