Likita ya faɗi sunan lalurar ɗana, to daga nan sai me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kurna. Ɗana shekararsa uku, har yanzu bai iya zama da kansa ba, wuyansa bai tsaya sosai ba, kuma ba ya magana. Ya yi shawara mai tsanani kwana huɗu da haihuwarsa, ba mu kai shi asibiti ba sai da ya fara sanƙarewa. Watan jiya likita ya ce lalurar CP ce, ya tura mu wajen gashin ƙashi. Surukata ta ce ɗan ruwa ne, maigidana ya daina zancen yaron gaba ɗaya, ni kuma na daina zuwa biki da suna saboda kallon da ake bin mu da shi. Me ya rage in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ki lada. Aikina gashin ƙashi ne, kuma yara irin naki na fi gani, don haka zan yi miki magana kamar kina zaune a gabana.

CP, wato cerebral palsy a Turance, rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa tun tana ɗanya, a ciki ko wajen haihuwa ko jim kaɗan bayanta. A nan wajenmu abubuwan da suka fi jawo shi su ne doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi da wuri, da shawara mai tsanani, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Raunin ba ya ƙaruwa, ba a ɗaukarsa, kuma babu allura ko jiƙon da zai goge shi. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai miƙar da shi cikin sati biyu, kuɗin kawai yake so. Abin da ke canzawa shi ne abin da yaron zai koya da jikin da yake da shi, da kuma ko gaɓoɓinsa za su ƙage ko za su zauna a sake. Wannan kuwa a tsakar gidanki ake yinsa. Mu a asibiti, in mun daɗe da shi, minti talatin ne ko arba'in, sauran sa'o'in mako duk a hannunki yake.

Tunda shawara ce sanadi, akwai abu biyu da nake so ki riƙe. Shawara tana yawan taɓa ji, saboda haka ki nemi a tura ku sashen kunne a gwada jinsa, Asibitin Malam Aminu Kano yana da wannan sashe. Rashin maganarsa na iya zama rabi daga kunne ne. Na biyun ya fi damuna: da yawa daga yaran da shawara ta taɓa hankalinsu garau yake, jiki ne kawai ya ƙi bin umarni. Na ga yarinyar da aka shekara biyar ana zancenta a gabanta kamar buhu, ranar da muka ɗaga mata kofi da ƙwallo muka ce ta kalli kofi, ta kalla, muka sauya hannu, ta sake kallo. Uwarta ta fashe da kuka. Ki gwada haka da ɗanki. Ki riƙa ba shi zaɓi, kunu ko shayi, wannan riga ko waccan, ki jira amsa ko da ido ne ko da motsin hannu. Kuma ki hana kowa cewa "ai ba ya ganewa" a gabansa.

Cin abinci shi ne inda nake fara duba kowane gida, domin nan ne ake rasa yara ba a sani ba. Al'adarmu ta kwantar da yaro a cinya a yi masa ɗura tana da haɗari ƙwarai ga mai CP. In kansa ya lanƙwashe baya, kunun sai ya bi hanyar numfashi, daga nan sai tari da ciwon huhu da ba sa ƙarewa. Ki zaunar da shi a miƙe, bayansa a jikinki ko a kusurwar ɗaki, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ƙaramin cokali, ki ɗora a tsakiyar harshe, ki jira ya haɗiye kafin na gaba. Abu mai kauri ya fi tsululu sauƙin haɗiya gare su, don haka ki kaurara kunun gyaɗa, ki dama masa dankalin Hausa ko wake da ɗan manja, ki murƙushe ƙwai. Bayan ya gama ya zauna kamar rabin awa kafin a kwantar da shi. In yana ƙwarewa kullum ko muryarsa na yin gargara bayan ci, ki faɗa wa likita da bakinki, kada ki jira a tambaye ki.

Zama kuma ba ya buƙatar kayan waje. Babban bahon roba da aka naɗe zannuwa aka tokare gefe da gefe, ko kwali mai ƙarfi, ko kujerar kusurwa da kafintan unguwa zai haɗa in mai gashi ya ba shi awo, duk suna aiki. Manufar ita ce yaron ya bar kwanciya rigingine yana kallon silin, ya fito tsakar gida ya ga ana tankaɗe, ana wanki, yara na wasa. Ki riƙa kifa shi a kan tabarma da matashi ƙarƙashin ƙirji ana yi masa wasa ta gaba, wuya da haka yake ƙarfi. Goyo ma alheri ne, yana buɗe cinyoyin da ke son harɗewa, sai dai ki tallafi kansa da zani. In ƙafa ta fara ƙagewa, a Asibitin Ƙashi na Dala ana yin takalma da abin tallafar gaɓa. In yana farfaɗiya, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe, in ta wuce minti biyar a tafi asibiti, kuma ba a tsayar da maganinta don an ga sauƙi.

Yanzu maganar Hajiya, surukarki. Ba na ba ki shawarar yin musu da ita, ba za ki ci riba ba. Zancen ɗan ruwa tsohon zance ne da mutane suka ƙirƙira lokacin da ba su san abin da shawara ke yi wa ƙwaƙwalwa ba, kuma ya jawo an wulaƙanta bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. Ki roƙe ta ta raka ki gashi sau ɗaya. In ta ga layin iyaye, ta ga yaran da suka fara kamar jikanta yanzu suna zaune, ta ji bayani daga bakin ma'aikaci, zai fi maganarki dubu. Addu'a da tofi ba su saɓa da aikinmu ba, a yi ta yi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne tsaga, da turara hayaƙi a rufe yaro da bargo, da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba.

Shirun maigida kuma, sau da yawa ba ƙiyayya ba ce. Namiji ya saba in matsala ta zo ya biya kuɗi ta wuce, wannan kuwa ta ƙi wucewa, sai ya rasa inda zai sa kansa. Ki ba shi aiki takamaimai: shi zai riƙa miƙe masa ƙafafu bayan sallar isha'i, shi zai je wajen kafinta, shi zai ɗauke shi zuwa ƙofar gida da yamma. Ina yi wa iyaye maza tuni da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda ya yi ladanci kuma Annabi (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa. Uban da ya zauna da ɗansa a dakali, unguwa ba ta ƙara yi masa wani kallo.

Ke ma ki koma cikin mutane. Ki fara da gidan da kika fi sakewa, ki tafi da shi, ki faɗi sunansa, in an tambaya ki ce shawara ce ta taɓa shi yana jariri. Ki koya wa mutum biyu a gidan yadda ake ba shi abinci, don ki samu barci da zuwa unguwa, kada kuma ki jibga komai a kan yayarsa har ta bar makaranta. In kin ga kin daina cin abinci, kuka ya zame miki kullum, ki gaya wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani. A layin gashi ki karɓi lambar uwa ɗaya ko biyu, sun san dabarun da mu ba mu sani ba.

Batun karatu ki sa shi a rai tun yanzu. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ko da yake aiwatarwa na tafiyar hawainiya. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ta fi karkata ga kurame da makafi, saboda haka ga yaro irin naki sau da yawa Islamiyyar unguwa ce ƙofar farko. Ki je ki sami malamar, ki nemi ya riƙa zama ko na awa ɗaya ne a kujerarsa.

In Allah ya kawo wata haihuwar, ki gaya wa ma'aikata cewa yayansa ya yi shawara, a duba jaririn tun kwanakin farko. Ido ya yi rawaya, asibiti a ranar, ba shanya a rana ko ruwan gulukos ba, kuma a raba kayan jariri da kafur. Ranar da za ku koma gashi kuwa, ki tafi da kofinsa da cokalinsa da kunun da kika saba dama masa, ki ce a zauna a kalle ki kina ba shi.