Kai mai son zuwa aikin roka a Amurka, ga amsarka

Salam. Wannan ne karo na huɗu cikin wata biyu da ake turo min irin wannan saƙon daga gida, na wannan karon kuma ɗan yayata ne. Ya gama digirin injiniya, ya ga bidiyon roka tana dawowa ta sauka a tsaye, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Wai "Kawu tunda kana Florida, kuma yanzu kamfanoni ne ke harba roka ba gwamnati ba, ka taimaka in zo mastas in samu aiki a wajen." To ɗana bari in ba ka amsa a nan kowa ya karanta, don na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya.

Rokar ta kamfani ce, wannan gaskiya ne. Amma filin fa? Getin fa? Wurin da kake gani a bidiyo, Cape Canaveral, sansanin soja ne tun asali, tun 1950 aka fara harbi a wajen, kuma yau yana hannun rundunar sojin sararin samaniya wadda aka kafa a Disambar 2019. A cikin kamfanonin, SpaceX haya take a dandalin harbi mai lamba 40, ULA tana 41, Blue Origin tana 36 inda ta harba rokarta New Glenn karon farko a Janairun 2025, duk ƴan haya ne. Tashar harbi ta Kennedy da ke maƙwabtaka ta NASA ce, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, amma ko daga can za a harba sai sojan sun ce hanya ta buɗe, su ke duba yanayi, su ke tabbatar da cewa ba jirgin sama ba jirgin ruwa a inda tarkace zai iya faɗawa. A farkon 2022 wani jirgin ruwan ƴan yawon shaƙatawa ya kutsa yankin da aka hana, a take aka fasa harbi, roka na tsaye cike da mai. Can California ma haka, Vandenberg ta soja ce, daga can ake harba masu bi ta kudu su zagaya duniya ta sama da ƙasa. Lasisi kuma na FAA ne, hukumar jiragen sama. Ka ga kamfani bai da ta cewa shi kaɗai.

Ni daga barandata ina ganin harbin dare. Haske ne ke fara zuwa kamar gari zai waye ta gabas, shiru ba ka jin komai, sai can bayan kusan minti guda ƙarar ta iso tagogi su kama rawa, in kuma ranar da gindin rokar zai dawo ya sauka a tudu ne sai ka ji dum dum kamar an buga ƙofar gareji da ƙarfi. Shekarar farko har sammako nake yi don kallo, ina ɗauka a waya ina turo muku, ina jin ma ni na jawo wa kaina wannan saƙonnin. Yanzu maƙwabcina ko kai ba ya ɗagawa in yana ba shukarsa ruwa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne, shekara tara na yi ina wannan hangen kafin ƙafata ta taka cikin getin.

Abin da ba wanda ya gaya min kafin in zo shi ne ITAR. Doka ce ta fitar da makamai, tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje, kuma a wajensu roka makami ce, don abin da zai kai tauraron ɗan Adam sama zai iya kai bam wata nahiya. Nuna wa baƙo zanen injin roka, ko a cikin Amurkar yake zaune, daidai yake da fitar da shi waje. Wanda dokar ta yarda ya gani shi ne ɗan ƙasa, ko mai katin zama na dindindin wato girin kad, ko wanda aka ba mafaka. Ɗalibi mai bizar F-1 ba ya ciki. Mai H-1B, wato bizar aiki, ba ya ciki. Akwai hanyar neman izini na musamman a takarda, amma wa zai sha wannan wahalar saboda sabon injiniya alhali ga ƴan ƙasa layi guda?

Wallahi har yau in na tuna wata intabiyu ta waya raina ɓaci yake. Na gama mastas da sakamakon da ba na jin kunyar nuna wa kowa, matar ta yi ta yaba aikin da na yi a kan bawul na iskar gas mai tsananin sanyi, muna ta dariya, har ta fara maganar albashi, sai ta ce af, tambaya ɗaya ta rage, kai ɗan ƙasa ne ko mai katin zama? Na ce a'a amma ina da izinin aiki. Muryarta ta canza nan take, ta yi godiya, minti ɗaya bai cika ba ta kashe. Na zauna a mota a bakin wani shago na fi awa ban tayar ba. Yaron da nake koya wa lissafin zafi a ajinmu, wanda sai na zauna da shi kafin ya ci jarrabawa, shi aka ɗauka a irin wannan aikin. Ban yi masa hassada ba Allah ya sani, amma abin ya ci ni.

Daga nan na koma masana'antar na'urar sanyaya ɗaki da famfunan ruwa. Izinin aiki bayan karatu wata 12 ne, masu kimiyya da injiniya ana ƙara musu 24, a cikin wannan lokacin dole wani kamfani ya saka ka a cacar H-1B, guraben 85,000 ne a shekara ga duk duniya, sau biyu ina faɗuwa sai a na uku. Sannan jiran girin kad, wanda ba ka isa ka yi wa maigidanka tsiwa ba don takardarka na hannunsa. Kada ma ka ce min cacar girin kad, an cire Najeriya daga ciki tun da daɗewa. Yau alhamdulillahi ina wani ƙaramin kamfani da ke yi wa manyan kamfanonin bututu da bawul na dandalin harbi, da gumina na samu ba wanda ya yi min hanya, kuma duk da haka ranar farko da na shiga sansanin sai da aka haɗa ni da ɗan rakiya, har bakin banɗaki. Akwai ɗakunan da har gobe ba na shiga, waɗannan sai ɗan ƙasa mai takardar tantancewar tsaro.

Kai kuma lissafinka shi ne tunda kasuwa na girma dole a buɗe ƙofa. Girma kam tana yi, a 2022 an yi harbi 57 daga gaɓar Florida, a 2024 an yi 93, mafi yawa na SpaceX ne tana jigilar taurarinta na intanet, Starlink. Wurin da aka gina don harbi jefi-jefi yanzu ya zama kamar tasha, hanyoyi da gadoji da wutar lantarki da bututun gas duk sun tsufa, in ana zuba wa wata roka mai sai a kori ma'aikatan maƙwabta daga nasu aikin, mu kanmu sau nawa muna tattara kaya mu fita da rana tsaka. Shi ya sa da aka zo maganar kawo Starship, ƙatuwar rokar SpaceX, nan, har da dandali na 37 inda rokar Delta IV ta ULA ta yi tashin ƙarshe a Afrilun 2024, ULA da Blue Origin suka rubuta ƙorafi, don girmanta ya sa filin da za a riƙa kora ya yi faɗi. Ga rigimar kuɗi, da can kamfani abin da aka kashe masa kai tsaye kawai yake biya, yanzu majalisa ta ba sojan dama su ƙara caji don gyaran wurin. A California kuma hukumar kula da gaɓar teku ta ƙi amincewa a Oktoban 2024 da a ƙara harbin SpaceX a Vandenberg daga 36 zuwa 50 a shekara, mutane na kukan ƙara, soja suka ce harkar tarayya ce aka ci gaba.

Wannan na ƙarshen shi ne abin lura. Inuwar soja tana yi wa kamfanonin rana, to me zai sa su fita? Ga fili a bakin teku wanda ba za ka samu irinsa ka saya ba yau, ga kariya, ga kuma babban mai saye a gida ɗaya, don a Afrilun 2025 rundunar ta raba kwangilar harba taurarin tsaro ta kusan dala biliyan 13.7 tsakanin SpaceX da ULA da Blue Origin. A ganina nan gaba soja za su ƙara zama kamar masu kula da filin jirgi, suna karɓar haya suna tsara layi, na'ura ma ta karɓe wasu ayyukan, tun 2017 rokar Falcon 9 ta SpaceX ke tashi da kwamfutar da za ta tarwatsa ta da kanta in ta kauce hanya, ba sai wani hafsa ya danna ba. Amma getin nan ba inda za shi, ƙara tsauri ma zai yi tunda kayan leƙen asiri ake ɗorawa. Kuma kar ka ce to sai in nufi Starbase ta SpaceX a Texas tunda filin kamfani ne, ITAR rokar take bi ba filin ba.

In ka nace sai sararin samaniya, ni da zan sake daga farko ba roka zan bi ba. Sarrafa hotunan tauraron ɗan Adam, sadarwa, hasashen yanayi, manhaja, nan ƙofar ta fi sauƙi kuma aikin ya fi yawa. Ka kuma duba Turai, su daga Kourou, yankin Faransa a Kudancin Amurka, suke harbi, ga ƙananan filaye na tasowa a Norway da Scotland, duk da su ma suna da nasu dokokin, kar ka ɗauka sadaka ce. In kuma Amurkar ce dole, ka zo da karatun da zai ciyar da kai ko ba roka, injiniyan inji ko lantarki, ka nemi makarantar da za ta biya maka ta ba ka aikin taimaka wa malami, kar ka bari yaya ta sayar da komai nata. Dokar biza kuma yanzu yau daban gobe daban, ka karanta shafin ofishin jakadanci da idonka kafin ka ba wani ejan ko sisi.

Ka turo min sakamakonka na shekara huɗun gaba ɗaya, ba shafin ƙarshe kawai ba, da aikin da ka yi na kammalawa, zan duba ranar Lahadi in Allah ya kai mu. Kuma ka gaya wa mamanka ban ce ba zan taimaka ba, don na san yanzu haka an fara cewa Kawu ya shiga ya ja ƙofa.