Amsa: 'yan kwamitin gidan dabbobi ana biyansu?

Malam, ka tambaya ko 'yan kwamitin gidan kula da dabbobi suna da albashi, wallahi ko dala babu, aikin sa kai ne. Amma kar ku ɗauki mutum don sunansa kawai, ku nemo ma'aji mai riƙon amana da likitan dabbobi ko guda, saboda allurar haukan kare ba ta wasa ba ce. Mu nan Damagaram abin da ke cinye mana kuɗi shi ne ruwa, ka san halin famfonmu da bazara, ga harawa da dusa sun yi tsada, jaki mai gyambo a baya kuma sai ya ci kullum. Ku yi rajistar ƙungiyar tukuna, dokar ƙungiyoyi ta Nijar ta 1984 ce ta tanadi haka, sannan ku gaida mai unguwa kafin ku kafa shinge.