Fatawa: Hukuncin Sayen Kayan Ƙara wa Mota Ƙarfi da Sauya Mata Fasali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai sha'awar motoci, ina cikin wasu abokai da muke haɗuwa muna yi wa motocinmu gyare-gyare. Ina tara kuɗi domin in sa wa tawa turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), in sauya salansa, a kuma taɓa kwamfutar injin don ta ƙara gudu. Yayana ya ce wannan almubazzaranci ne kuma canza halitta ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, asali a cikin al'amuran duniya shi ne halasci har sai dalili ya zo da hani, kuma babu nassin da ya hana mutum inganta abin hawansa. A Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya ce an halicce su domin hawa da kuma ado. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka horar, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, wurare biyu a yankin Madina. Horon kuwa shi ne a ciyar da doki ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci a lulluɓe shi ya yi ta gumi har namansa ya tsuke, duk domin ya ƙara gudu. Maganar canza halitta da ke Suratun Nisa'i, aya ta 119, tana kan halittar Allah ne, ba ta shafi ƙarfen da ɗan Adam ya ƙera ba.

Sai dai wancan tseren yana da mafari da maƙura da aka keɓe masa, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Titi haƙƙin jama'a ne, kuma hadisi ya tabbata cewa babu cuta babu cutarwa. Maƙeran mota sun auna birki da taya da giya daidai da ƙarfin injin da suka sa mata, don haka wanda ya ƙara wa inji ƙarfi ya bar birkin yadda yake ya ɗora wa motar abin da ba za ta iya tsayarwa ba. Idan gudu ya ninka sau 2, tazarar da mota ke ci bayan an taka birki tana ninkawa kusan sau 4, kuma a cikin wannan tazarar ne yaron da ke tsallaka titi yake. Annabi (SAW) ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, to ina ga mota? Saboda haka tsere da wasan juya mota a kan hanyar jama'a haramun ne, kuma wanda ya kashe rai ta haka diyya da kaffara suna hawa kansa, ga zunubin ganganci. Mai son gwada ƙarfin motarsa ya nemi filin da aka tanada, ba tare da caca ba.

Salansa mai ƙarar da ke tayar da marar lafiya da jariri cikin dare cutar da maƙwabci ce, haka ma cire matatar hayaƙi da ke rage gubar da mutane ke shaƙa. Duk sauyin da dokar ƙasarku ta hana, ko ta ce sai da izini, wajibi ne a bi, domin an kafa ta ne don kare rayuka.

Yayanka yana da gaskiya ta wata fuska. Suratul Furƙani, aya ta 67, ta yabi masu tsakaitawa wajen kashe dukiya, kuma ma'aunin ya bambanta tsakanin mawadaci da mai ƙaramin ƙarfi. Idan kuɗin rarar halalinka ne, ka sauke nauyin iyali da bashi da zakka, babu laifi. Idan kuwa sai ka ci bashi da ruwa, ko ka tauye cefanen gida, ko kuma burin shi ne ka ƙure abokai, to ya zama abin hani.

Ranar da za ka sayar da motar, wajibi ne ka bayyana wa mai saye duk abin da aka taɓa, musamman kwamfutar injin, wadda ido ba ya ganin sauyinta alhali ƙarin matsi na iya rage wa inji kwana. Ɓoye hakan algus ne. Ka sayi kayan daga inda ka amince ba na sata ba ne kuma ba jabu ba, ƙwararren bakanike ya ɗaura maka, kuma ka fara da birki da taya kafin turbo.

Wallahu a'alam.