Tambaya da Amsa: Kyamarar Babban Fim ta Riƙewa a Hannu

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina son ɗaukar hoto da fim mai inci 4 da 5 ba tare da kafa kyamara a kan ƙafafu uku ba. In sayi tsohuwa ne, ko in haɗa tawa?

Amsa: Malam, shawarata ita ce ka fara da Crown Graphic, wadda kamfanin Graflex na Amurka ya fito da ita a 1947 domin 'yan jarida. Ta fi 'yar'uwarta Speed Graphic rashin nauyi, domin ba ta da labulen ɗaukar hoto (wanda ke buɗewa ya rufe don haske ya taɓa fim) na cikin jiki, sai wanda ke cikin madubin gaba, wato gilashin da haske ke shiga ta cikinsa. Kafin ka biya, haska tocila cikin zugazuganta, wato sashen da ke naɗewa tsakanin madubi da fim, a ɗaki mai duhu, domin huda ko da ta allura ce tana lalata fim. Ka kuma tabbatar ma'aunin nisanta ya dace da madubin da ke kanta, galibi mai milimita 127 ko 135.

Haɗa taka mai yiwuwa ne, kuma akan sami kyamara mara nauyi sosai, amma wahalar tana wuri guda: tazarar da ke tsakanin madubi da fuskar fim. Idan ta kauce, abin da ke nesa zai iya fitowa dushi-dushi, saboda haka sai an gwada ta da gilashin dubawa, wanda ake sawa a gurbin fim don a ga hoton, kafin a ɗaure komai. Madubi mai milimita 90 ya fi mai 127 ko 135 yafe kuskuren kiyasin nisan abin da ake ɗauka.

Gidan fim na yau da kullum, wanda ake zurawa a bayan kyamara, falle biyu kawai yake ɗauka, amma wani irinsa mai suna Grafmatic yana ɗaukar shida.